Agogon Baba Badung Yana Son Wani

A duk tashar Laranto babu wanda bai san muryar Datti ba, domin shi ne ɗan kamashon da in ya kira fasinjan Bauci sai na Zariya ya waiwayo. Gidan haya ɗaya muke da shi, bango ne kawai tsakaninmu, saboda haka abin da zan faɗa ba a teburin mai shayi na tsinto shi ba. Mutum ne mai kirki, ba ya riƙo, sai dai Allah ya ɗora masa ciwo guda: bai taɓa ganin ana wani aiki ya yarda bai iya ba.

A daminar shekarar da ta biyo bayan bikin Festak, Obiajulu mai gyaran agogo ya tattara ya koma garinsu, ya bar teburinsa a bakin ƙofar tasha, ƙarƙashin rumfar kwano inda ruwa ba ya taɓa mutum. Datti ya ƙyalla ido a kan teburin nan. Ya gaji da tsayuwa cikin ruwa da sanyin Jos yana tsage maƙogwaro, yana so shi ma ya zauna a kujera a riƙa ce masa sannu da aiki. Karatunsa na agogo kuwa bai wuce wata rana da ya fake wa ruwa a rumfar, ya tarar Obiajulu ya buɗe bayan wani otomatik ba. Ya leƙa ya ga wani ƙarfe mai kamar rabin faifai yana lilo a ciki, aka ce masa shi ke ciyar da agogon duk lokacin da hannu ya motsa. Daga nan Datti ya sauke karatu.

Ranar Laraba da hantsi ya yi ban kwana da kamasho a gaban kowa, har da yafe wa direbobin da suka taɓa zaginsa, sannan ya nufi wurin Alhaji Isa sarkin tasha, wanda teburin ke hannunsa. Ya same shi zaune da abokan hirarsa biyu, Baba Badung na Anguwan Rukuba, wanda ya yi ritaya daga kamfanin kuza, da Oga Onyekwere mai sayar da kayan gyaran mota.

"Ranka ya daɗe, ai teburin can ni yake jira," in ji Datti.

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Kai Datti, yaushe ka koyi gyaran agogo?"

"Ba koya ake yi ba, Alhaji, baiwa ce. Ni otomatik ma na fi ƙwarewa a kai. Duk cikinsu ɗaya ne, kamar cikin akuya. Motsi ne abincinsu. Ka girgiza, ya ci, ya tashi."

Alhaji mutum ne mai son nishaɗi, in ya ga abin dariya na tahowa ba ya tare masa hanya. Ya kwance agogonsa, ya ce wa abokansa su ma su kwance nasu, domin dukkansu otomatik suke ɗaurawa.

"To Injiniya, ga uku. Ba gyara na ce ka yi ba, lafiyarsu lau. Ka riƙe su zuwa taron direbobi ranar Asabar, ka kawo su da rai, bakinsu ɗaya. In ka yi haka tebur naka ne. In ba haka ba, sito zai shiga."

Ga abin da Datti bai sani ba, bai kuma tsaya ya ji ba. Na Alhaji ɗan Japan ne mai lamba biyar a fuska, irin wanda Obiajulu ya buɗe. Shi ba a yi masa wani, wato ko ka wuni kana murɗa ɗan kunnen nan na gefe ba abin da zai shiga cikinsa, sai girgiza, kuma ta kowane gefe aka girgiza ci yake yi. Na Onyekwere shi ma ɗan Japan ne amma na wani gida dabam, rabin faifansa gefe ɗaya kawai yake ci, in ya juya ta ɗaya gefen sai ya yi ta gudu a banza yana firrr. Na Baba Badung kuwa ɗan Suwis ne mai ruwan zinariya, kyautar sallama daga kamfani, da sunansa a rubuce a baya. Yana cin motsi, yana kuma karɓar wani da hannu, sannan yana da wata ɗabi'a: in ka ja kunnensa waje don saita lokaci, tsinken sakan tsayawa yake cak har sai ka mai da kunnen.

Onyekwere ya buɗe baki zai yi bayani, Datti ya ɗaga masa hannu. "Oga, likita kake koya wa allura?"

Baba Badung dai bai saki nasa da sauri ba. Ya riƙe sarƙar ya ce, "Yarona, wannan ba kamar nasu ba ne fa. Shi yana son wani. In ya tsaya, ka ba wani, sai ya tashi."

Wanin agogo jan sa ake yi a baki, amma Baba Badung a Hausarsa ta Jos gajarta shi yake yi, sai ya fito daidai da wanin da ake nufin mutum. Datti kuwa da ma ya riga ya yanke cewa otomatik ba ruwansa da murɗa kunne, don haka ya ji abin da yake so ya ji.

"Na gane, Baba. Agogo mai son jama'a ke nan. Kar ka damu."

Ya jera su uku a hannun hagu, ya kama hanyar gida yana wurga hannun gaba da baya kamar mai shuka. Kafin ya tsallake Titin Bauci tasi ta tsaya masa, ta biyu ta tsaya, wata bas ma ta ci burki har fasinja suka gwara kai.

"Ina za ka?" in ji direban.

"Ba tafiya zan yi ba, abinci nake ba su."

Abin da direban ya faɗa ba zai rubutu ba. Wata tsohuwa da ke tsallaken titi ta ɗauka gaishe ta yake yi, ta tsaya tana amsawa, tana tambayar mutan gida.

A gida matarsa Balaraba, wadda ke ɗinki a tsakar gida, ta ajiye masa tuwo. Dama na kai loma, hagu na lilo. Lilo na uku ya kwashe kwanon miyar kuka ya kife a kan tabarma.

"Malam, lafiya? Ko a kira mai ruƙiyya?"

"Ke ba ki san aikin injiniya ba. Daga Asabar sunanki matar mai tebur."

"To matar mai tebur ta gama miya. Sai ka ci da motsi, tunda shi ne abinci."

Washegari ya tashi hannun hagu ya zama icce, ko hula ba ya iya ɗagawa. Ya mai da su dama, kafin azahar dama ma ta bi sahu. Sai ya zauna a kan turmi ya ce bari ya daidaita bakinsu tun yanzu, ya huta. Ya ja kunnen na Alhaji, tsinken sakan ya ci gaba da tafiyarsa, ya saita ya mai da kunnen. Ya ja na Onyekwere, haka. Ya ja na Baba Badung, tsinke ya ƙame.

Datti ya ƙame shi ma. Ya kara a kunne, shiru. Ya girgiza, ya hura masa iska, ya yi masa fifita da hula, ya sa shi a hammata wai ko sanyi ne ya kama shi.

"Ya suma," ya ce da ni, domin a lokacin na fito alwala. Na ce ko ya mai da kunnen yadda ya same shi. Ya harare ni. "Kunnen nan shi ya jawo masifar, kana so in ƙara taɓa shi ya ƙarasa? Kai dai tsaya a kan abin da ka sani." Na tsaya a kan abin da na sani, na tafi masallaci.

Kafin in dawo fuskarsa ta washe. Ya tuna maganar mai agogo: in ya tsaya, ka ba wani. Saura a samo wanin, kuma ba kowane wani ba, wanda hannunsa ba ya hutawa. A duk Jos kuwa babu hannun da ya kai na Cyprian aiki, ɗan yalo-fiba mai ba da hannu a mahaɗar da ke gaban kasuwa, wanda in yana sallamar motoci sai ka ce rawa aka biya shi ya yi. Datti ya same shi a kan durom ɗin da yake tsayawa a kai ya ɗaura masa.

"Ofisa, riƙe mini zuwa Asabar. Sharaɗi ɗaya, kar ka taɓa kunnen."

Cyprian ya juya hannu, zinariya ta ɗauki ido. "Amma oga, wannan abu ba ya tafiya fa."

"Jinya yake yi. Kai dai ba da hannu da ƙarfi."

Ranar nan motoci sun sha sallama. Har waɗanda ba su iso ba Cyprian yana ce musu su wuce.

Saura biyu, kuma Datti ba shi da sauran hannu. Yana shigowa gida idonsa ya faɗa kan keken ɗinkin Balaraba, wili na juyawa ba gajiya. Ya sami tsumma ya ɗaure na Onyekwere a jikin wilin. Balaraba ta taka, agogo ya ɗauki firrr, firrr.

"Kin ji? Kin ji yadda yake ci? Har santi yake yi!"

"Ni dai ɗinkin mutane nake yi, ba renon agogo ba."

"Taka dai, Hajiya. Taka da kyau."

Ta taka, domin tana son ganin ƙarshen abin. Wilin keke kuwa gefe ɗaya yake juyawa, kuma aka yi rashin sa'a gefen da agogon ba ya ci ne. Duk firrr ɗin nan kukan yunwa ne. Da la'asar Balaraba ta leƙa ta ce masa tsinken ya daina motsi. Datti ya ce wanda ya ƙoshi ai dole ya ɗan kishingiɗa, kar a tashe shi. Ya hana a kwance, ya kuma hana ta tashi daga kan keke, har ta ɗinke duk abin da ke gabanta ta koma bin tsofaffin zannuwa tana ƙara musu kalmasa.

Na Alhaji ne kaɗai ya rage da cikakkiyar lafiya, kuma da Datti ya bar shi a aljihu ya ci gaba da zirga-zirgarsa da ya kai Asabar lami lafiya. Amma ina. Ranar Juma'a da safe ya ji injin markaɗen bakin layi ya tashi, ƙasa na rawa, ya ce ga gidan biki an buɗe wa agogo. Ya lallaɓa mai injin ya ɗaura shi a wuyan mazurari, ya ja gefe yana yi wa matan da ke layi lacca.

"Wannan da kuke gani, abin da zai ci yau ya ishe shi har babbar salla."

Yana cikin bayani, maɗaurin ya ɓalle, ba wanda ya lura. Da ya waiwayo babu agogo. Datti ya sa aka kashe inji, ya tare ƙofa, ya ce ba macen da za ta fita sai an bincika. Nan fa aka yi masa ca. Wata ta ce ya binciki uwarsa, wata ta ɗaga murfin bokiti za ta kwaɗa masa, mai inji ya kore shi da tsintsiya. Ya dawo gida ya zauna a kan turmi ya haɗa kai da gwiwa, kuma wallahi ya ba ni tausayi, domin teburin nan ya shiga ransa ba da wasa ba.

Ana haka sai ihu daga madafar Kubra, maƙwabciyarmu ta ɗakin ƙarshe. Tana juya markaɗenta cikin tukunya ta ji ƙwal. Ta fito da ludayi a miƙe, agogon Alhaji kwance a ciki, ja wur da tattasai da attarugu.

"Datti! Tumatir na kai, ba a ce mini ana gyara da agogo ba!"

Ya fizge, ya goge da bakin riga, ya kara a kunne. Yana tafiya! Ba tafiya ba ma, gudu yake yi, kamar an biyo shi. Girgizar inji ta hargitsa masa ciki, 'yar tagar da ke nuna rana har ta tsallaka Lahadi. Datti ya daka tsalle ya manta da ciwon hannu.

"Kun gani? Ƙarfi ya yi masa yawa! Wa ya ce ban iya ba?"

Ranar Asabar hadari ya haɗu tun da safe. Direbobi da 'yan kamasho da masu talla suka cika gaban rumfa, domin labari ya riga ya zaga, har matan injin markaɗe sun zo da bokitansu. Datti ya sha wanka ya sa babbar riga. Ya biya ta mahaɗa don ya karɓi na Baba Badung, ya tarar durom babu kowa, ya ce ba komai, ofisa ya tafi karin kumallo ne, zai aika a karɓo. Ya iso ya tsaya a bayan teburin, ya dafa shi da hannu biyu kamar an riga an ba shi.

Ya fara miƙa na Alhaji. Alhaji ya kai shi kunne, sai atishawa, ya sake, ya sake, hawaye na zuba.

"Datti, me ka ba shi?"

"Ɗan yaji ne, ranka ya daɗe, saboda sanyi."

"Kuma ya aka yi yake cewa yau Lahadi?"

"Agogo mai hangen nesa ke nan. Ba kowa ke samun irinsa ba."

Onyekwere ya karɓi nasa, da guntun zare a maƙale a sarƙa. Ya duba, ya girgiza, tsinke ya ɗan taka. "Wannan yana Alhamis har yanzu. Abeg, ina ka ajiye shi?"

"A wilin keke, Oga. Ya ci har ya yi santi, duk gidanmu an ji firrr."

Onyekwere ya ɗora hannu a ka. "Chineke! Firrr ɗin nan shi ne ba ya ci! Gefe ɗaya yake ci, shi na so in gaya maka ka ce kai likita ne. Ko kunne ka murɗa masa ai da ya rayu."

"Ba a murɗa wa otomatik kunne," in ji Datti da ƙarfi, yana duban jama'a don su shaida. "Tambayi Alhaji."

"Nawa ne ba a murɗa wa," in ji Alhaji, yana share ido. "Nasa ana yi."

Ana cikin haka sai taro ya dare. Ga Baba Badung tafe, ya riƙe Cyprian a wuyan hannu ya ɗaga shi sama kamar wanda ya ci dambe, shi kuma Cyprian na biye da shi da usur a baki, yana rantsuwa da Turanci da Hausa. Ashe tsohon yana cikin tasi ya hango kyautarsa ta kamfani tana ba motoci hannu, ya sa aka tsaya a tsakiyar titi.

"Datti! Agogo nawa, da suna nawa a baya, me yana yi a hannun yalo-fiba?"

"Baba, ai umarninka na bi. Kai ka ce in ya tsaya in ba wani. Ga wanin nan, kuma duk Jos ba wanda ya fi shi motsi."

Baba Badung ya saki baki. Ya dubi Alhaji, ya dubi Datti, sannan ya ɗaga yatsu biyu yana murzawa a iska. "Wani! Wani na agogo! Ka murɗa kunne! Ni na ce ka ba mutum?"

Tashar Laranto ta kece da dariya. Wani direba ya faɗo daga kan bodin mota, Kubra ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki, Alhaji ya rasa hawayen yaji da na dariya. Cyprian kaɗai bai yi dariya ba, ya ce tun shekaranjiya kafaɗarsa ba ta sauka ba, kuma abin ko sau ɗaya bai ce tik ba.

Baba Badung ya kwance agogon, ya ga kunne a waje, ya danna shi da babban yatsa. Tsinke ya ɗauki tafiya kamar ba abin da ya faru.

"Yauwa!" in ji Datti. "Jinyar ta yi aiki. Ranka ya daɗe, a duba, duk ukun suna da rai."

"Suna da rai," in ji Alhaji. "Ɗaya na Alhamis da azahar, ɗaya na Alhamis da la'asar, ɗaya ya tafi Lahadi ya bar mu. To ba komai, Injiniya, abu ɗaya ya rage. Ga mu mu uku za mu saita. Duba naka ka gaya mana ƙarfe nawa."

Duk ido ya koma kan hannayen Datti, ya ja hannun riga ya rufe su, amma an riga an gani, fayau suke. Sai a lokacin jama'a suka farga cewa tunda suke da shi ba wanda ya taɓa ganin sa da agogo. Ya yi gyaran murya, ya fito daga rumfa, ya ɗaga kai sama yana neman rana. Baƙin hadari ya rufe ta ruf, ɗigon farko ya sauka a kan hancinsa.

"Nawa babba ne, ranka ya daɗe," ya ce. "Yau ne kawai aka rufe masa fuska."

Alhaji ya bari dariya ta lafa, sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce a shigar da tebur sito kafin ruwa ya sauko. Wani direba ya kama gefe ɗaya, ya duba bai ga mai kama masa ba, duk an watse neman mafaka.

"Datti," ya ce, "kama can."

Datti ya shafa saman teburin da tafin hannu, a hankali. Sannan ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya sunkuya ya kama.